Shafin da Aka Ba Baba

Lokacin da na shigo gidan nan, surukina ne ke riƙe da shagon kafinta, kuma ba a buga ƙusa ba da saninsa ba. Kowa Baba yake ce masa, har masu sayen kaya. Ni aikina a kusurwar shagon yake, bayan wani labule, inda nake yanka soso ina ɗinka rigunan kujeru. Mutane suna mantawa cewa labule ba bango ba ne, shi ya sa babu abin da ake ƙullawa a shagon nan da bai biyo ta kunnena ba.

Da hannun Baba ya fara rawa, maigidana, wanda shi ne babban ɗansa, ya zaunar da shi ya ce daga yau ya bar taɓa injin yanka katako. Baba ya yi faɗa kamar zai ɗaga rufin shagon, ya ce shi ya koya wa yaron riƙe guduma, amma daga baya ya haƙura. Da ya goge katangar maƙwabci da mota, aka sake zaunar da shi aka karɓi makulli. Nan ma ya yi faɗansa ya gaji. Abin da ya rage masa shi ne wata kujera a bakin ƙofa, da baki, kuma bakin nan ba ya rawa ko kaɗan.

Ƙanwar maigidana, wadda muke kira Auta, sana'arta gina wa mutane shafukan intanet da kula da su. Tana da ɗan ofis a saman wani bene, ita da fanka da kwamfutocinta. Ita ta gina wa shagonmu shafi, da wata manhaja ta kyauta da mutane daga ko'ina suka haɗu suka rubuta, suka bar ta a buɗe kowa ya ɗauka ya yi aiki da ita. Baba bai yarda da abin ba da farko. Ya ce abin da ba ka saya ba, in ya lalace ƙarar wa za ka kai? Amma da ya ga mutanen da ba mu taɓa gani ba suna zuwa da hoton gado a waya suna cewa irin wannan suke so, sai ya fara ce wa abin "shafina".

Wata rana ya kira Auta ya ce a ba shi makullin shafinsa. Ta yi masa bayani a hankali cewa makullin hawa-hawa ne. Akwai na mai rubutu, wanda zai rubuta sai wani ya duba kafin ya fita. Akwai na mai gyara, wanda zai rubuta ya fitar da kansa. Sannan akwai na mai gida, wanda zai iya taɓa komai, har ya rushe ginin in ya ga dama. Tana rufe baki na san wanda zai zaɓa.

"A shagon da na gina da hannuna za a duba min rubutu?" in ji Baba. "Ba ni na mai gida."

Auta ba ta iya ce wa ubanta a'a, shi ma bai taɓa iya ce mata ba, abin nasu gado ne. Ta sa masa alamar shafin a fuskar wayarsa, yana dannawa ya shiga, ba sai ya rubuta komai ba.

Abin da Baba ya yi wa shafin nan, ko gara ba ta yi wa katako. Ya gano inda ake canza wa shafi riga, ya sa masa kore shar, rubutun kuma rawaya, wai don ya yi haske. Ya gano rumbun ƙananan manhajoji da ake liƙa wa babbar, duk kyauta, ya shiga ɗiba kamar ya samu gawayi a bakin hanya. Ya liƙa wadda ke sa taurari su riƙa zubowa a kan hotunan gadaje. Ya liƙa wadda ke tashi da kiɗa da zarar an buɗe shafin, har wata mata ta kira ta ce mun kunyata ta a ɗakin jiran likita. Maɓallin da ake dannawa a yi odar kaya kuwa, cire shi ya yi gaba ɗaya, ya ce rashin kunya ne mutum bai gama kallo ba a riƙa ce masa ya saya. Ranar ƙarshe ya ga wani jan rubutu yana cewa akwai abubuwan da za a sabunta, ya danna su duka a tare. Shafin ya koma fari fat, ba gado ba kujera ba tauraro.

Auta ta dawo da shi daga kwafin da take ajiyewa, ba ta ce uffan ba. Maigidana ne ya kasa. Ya ja ta gindin labulena ya ce yau ɗin nan za a karɓe makullin, kamar yadda aka karɓi sauran. Auta ta ce ita ba za ta sake ganin fuskar da Baba ya yi ranar mota ba, ko da shafin zai ƙone. Can sai na ji muryarta ta sauya, irin sauyin da muryar Baba ke yi in zai sayar wa mutum teburin da bai zo saye ba.

Ashe duk mai wannan sana'a yana da shafi biyu. Akwai na gaske da duniya ke gani, akwai kuma na gwaji, kwafinsa sak, a ɓoye, inda ake fara gwada kowane gyara kafin a kai shi na gaske. Ba mai ganin na gwaji sai wanda ke da makulli. Auta ta ce za ta juya alamar da ke wayar Baba ta koma can. Ya zama mai gida, ya yi fenti, ya rushe, ya sa kiɗa, ba abin da zai taɓa shago.

Na ɗaga labule na ce mata ramin ƙarya ƙurarre ne. Ta ce ai ba ƙarya ba ce, shafin gwaji ne, Baba kuma gwaji yake yi. Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki. Na saki labulena na koma kan keken ɗinkina, tunda ba uban da ya haife ni ba ne.

Aka samu zaman lafiya, ba zan ɓoye ba. Oda ta dawo, Baba kuma yana bakin ƙofa da tabarau a ƙarshen hanci yana mulkin shafinsa. Ya yi ta canza riguna har ya gaji, taurari ma suka gundure shi. Sai ya koma rubutu. Da yatsa ɗaya yake yi, yatsan kuma yana rawa, layi ɗaya sai ya ci masa rabin hantsi. Wani lokaci yakan karanta da ƙarfi don ya ji yadda ya zauna, ni kuma ina ji. Ya rubuta yadda ake gane katakon da ya bushe in an ƙwanƙwasa shi. Ya rubuta dalilin da ya sa kujerar da aka cika wa ƙusa take fara kuka kafin wadda aka haɗa da gam da haƙuri. Sau da yawa nakan tsayar da keken don kada ƙararsa ta hana ni ji, domin gaskiya tsohon ya san abin da yake faɗa, kuma ya iya faɗarsa.

Duk wanda ya shigo shago sai ya tambaye shi ko ya karanta na wannan makon. Mutane kuwa da kara, sai su ce sun karanta, Baba, ya yi kyau ƙwarai. Mutum ɗaya ne ba shi da wannan kara, amininsa Mai Walda da ke ƙarshen layi. Ya buɗe wayarsa ya nuna wa Baba cewa shi gadaje kawai yake gani. Baba ya kira Auta, ita kuma ko gezau ba ta yi ba, ta ce wasu wayoyin sukan riƙe tsohon shafi a cikinsu, ba sa nuna sabo da wuri. Wannan abu yana faruwa da gaske, shi ya sa ƙaryar ta zauna daram. Baba ya samu abin tsokana. Kullum Mai Walda ya wuce sai ya tambaye shi lafiyar kakarsa, wato wayar, ko ta fara gane mutane.

Tsokanar ce ta yi yawa har Mai Walda ya je ya sayo sabuwar waya. A gaban Baba ya yage kwalinta, a gabansa ya buɗe shafin. Gadaje ne da kujeru da maɓallin oda, tsaf yadda Auta ta tsara su. Baba ya karɓi wayar ya duba, ya duba tasa, ya sake duba ta Mai Walda, sannan ya mayar masa ya ce Allah ya sa alheri. Bai yi faɗa ba, bai kira kowa ba. Ni da nake leƙe ta gefen labule, shirun nan ya fi ba ni tsoro a kan duk faɗan da ya taɓa yi.

Abin da ya biyo baya a rana ɗaya ya faru, kuma daga baya na haɗa shi daga bakin su biyun.

Da safe Auta ta shiga shafin gwaji don ta gwada wani sabon gyara, kamar yadda ta saba kafin ta kai shi na gaske. Tun da ta jefa Baba can ba ta taɓa tsayawa ta karanta abin da yake yi ba, tana zaton taurari ne da kiɗa. Ranar sai idonta ya faɗa kan wani rubutu game da ɗan ƙaramin benci da ya taɓa yi wa wata yarinya da hannunta ba ya kai wa famfo. Ya rubuta yadda ya riƙa rage masa ƙafa duk shekara tana girma, har ya zama faifan katako kawai, kuma har yau yana ƙarƙashin gadonsa. Auta, wadda ita ce yarinyar, ta karanta wannan, ta karanta na gaba, ta karanta duka. Ta ce ta yi kuka har fankar ta busar mata da fuska. Nan take ta yanke cewa yau kafin ta tashi daga aiki za ta kwashe rubutun Baba kaf ta kai shafin gaske, duniya ta gani, ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Da rana kuma Baba, wanda ya kwana yana juya maganar sabuwar waya, ya shirya nasa gwajin. Kafinta ba ya yarda da kujera sai ya zauna a kai. Ya ɗauki wayarsa ya rubuta gajeren rubutu mafi sauri a rayuwarsa, cewa gobe da safe duk wanda ya zo shago za a ba shi kujera kyauta, har sai sun ƙare. Lissafinsa mai sauƙi ne. In aka ce kyauta kuma ba wanda ya zo, to ba mahaluƙin da ke ganin shafin nan, ya kama 'ya'yansa dumu-dumu. Bai ji tsoron komai ba, domin a ransa ya riga ya tabbata ba mai zuwa.

Da yamma Auta ta danna maɓallin da ke kwashe rubutu gaba ɗaya. Ba ta sake dubawa ba, ai da safe ta karanta komai. Shafin gaske kuwa an saita shi ne duk sabon rubutu ya tafi kai tsaye wayoyin duk wanda ya taɓa sayen ko da katakon yanka albasa a wurinmu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, uba da 'ya kowa ya yi wayonsa, wayon ya haɗu a tsakiya.

Washegari muna karyo kwanar layinmu ni da maigidana, sai muka ga mutane tun daga ƙofar shago har gaban Mai Walda. Maigidana ya zaci gobara ce, ya fara neman hayaƙi. Akwai mai baro, akwai wanda ya zo da igiya, akwai wata tsohuwa da ta zo da jikokinta don kowa ya karɓi tasa. Wani ya nuna masa waya. Na ga maigidana ya karanta, leɓensa na motsi, ya kai ƙarshe ya koma farko ko rubutun zai canza.

Baba yana kan kujerarsa a bakin ƙofa, ya sa rigarsa mai kyau da ya tanada don zaman cin nasara a kan 'ya'yansa. Fuskarsa ban taɓa ganin irinta ba. Ga firgici, ga kuma wani farin ciki da ya kasa ɓoyewa, yana ta kallon layin yana gyara tabarau. Maigidana ya sunkuya ya ce masa a fito a ce kuskure ne. Baba ya ce shi ya rubuta, da sunan shagonsa ya fita, kuma bai taɓa cewa abu ya dawo ya lashe ba. Ya sa aka buɗe ƙofa.

Haka muka tsaya muna kallo kujeru suna fita ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda na kwana biyu ina ɗinka wa riga mai ruwan toka. Raina ya ɓaci, ba zan ce bai ɓaci ba. Amma Baba ya miƙe tsaye, abin da ya daɗe bai yi a shagon ba. Kowace kujera sai ya juya ta ya ƙwanƙwasa, ya gaya wa mai ɗauka kada ya bar ta a rana, kada yara su yi lilo da ita. Maigidana kuwa ya zauna a kan buhun dusar katako ya riƙe kai.

Ana cikin haka Auta ta iso a guje, mayafinta a hannu. Ta riga ta gani a waya, ta kuma gane abin da ta aikata. Ta tsaya a gaban ubanta tana haki, tana neman ta inda za ta fara. Shi ya riga ta. Ya kama hannunta ya ja ta ciki, daidai gindin labulena, inda kowa ke zuwa in yana son sirri.

"Auta, na yi miki mugun zato," in ji shi. "Na ɗauka kun rufe ni a wani ɗaki ne ina ta magana ni kaɗai. Shi ya sa na rubuta abin nan, don in kama ki. Ga shi Allah ya kama ni. Ki yafe min."

Na kasa kunne a bayan labule. Da Auta ta yi shiru a nan, da ta sha, kuma na ga alamar shirun take shirin yi, don ta sunkuyar da kai tana gyaɗawa kamar mai karɓar haƙuri da kyakkyawar zuciya.

Sai ga wata mata ta leƙo, kujera a kanta. Tsohuwar mai sayen kayanmu ce, irin mutanen da ba sa tafiya sai sun yi godiya sau uku. Ta ce ita ba kujerar ce ma ta fi faranta mata rai ba, rubutun ne. Jiya ta zauna ta karanta su duka, na bencin yarinyar nan har ya sa ta hawaye. Ta ce abin da ya ba ta mamaki, kusan kullum tana leƙa shafin saboda wani kabad da take so, ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba, sai jiya da yamma suka zubo gaba ɗaya kamar an buɗe famfo. Ta tambayi Baba ko a rana ɗaya ya rubuta su. Ta yi godiya ta uku ta tafi da kujerarta.

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya juyo wajen 'yarsa.

"Jiya da yamma," in ji shi.

"Eh, Baba."

"To maido min da haƙurin da na ba ki, ban gama da shi ba."

Dariya ta kusa ƙwace min, na danne ta da wani guntun soso. Auta ta fara bayani, kore da rawaya, maɓallin oda, ranar da shafi ya yi fari, yadda ba ta so ta ga ransa ya ɓaci. Ya ɗaga hannu ta yi shiru. Hannun yana rawa, bai ɓoye shi ba.

"Da kuka karɓi inji, kun zaunar da ni kun gaya min," in ji shi. "Da kuka karɓi mota, kun gaya min. Na yi faɗa, don ina da wanda zan yi wa faɗa. Wannan karon ko faɗan ba ku bar min ba. Ina ta tambayar mutane ko sun karanta."

Ba ƙarfi ya yi maganar ba, kuma ita ce ta karya Auta. Ta durƙusa a cikin dusar katako tana kuka sosai. Ni ma dariyar ta gudu, na ji kunya ta rufe ni, domin duk rubutun nan ni kaɗai ce na ji su a lokacinsu, kuma ban taɓa ɗaga labule na ce masa sun yi daɗi ba.

Ya bar ta ta yi mai isarta. A waje ana ta jan kujera ta ƙarshe tsakanin mai baro da ɗaya daga jikokin tsohuwa, Mai Walda yana raba su. Da ta share fuska, Baba ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta tambaye shi a hankali wane hawa yake so ta sa shi a shafin gaske, na mai rubutu, ko na mai gyara, ko na mai gida. Daga kan buhunsa maigidana ya ɗago kai, idanunsa suna roƙo.

Baba ya ce shi ya gama da taurari, riga ma ta bar wadda ta sa, maɓallin odarta kuma ba ruwansa da shi. Hawan kuwa ta zaɓa da kanta, ita ta san sana'arta.

"Abu ɗaya kawai," in ji shi. "Ki sa ni a inda in na ɓata abu zai ɓaci."

Ya koma bakin ƙofa zai zauna, sai ya tarar wani ya tafi da kujerarsa.